Kafin ka ɗauki nas a bidiyo, ka duba hannunta

Ka san irin bidiyon nan, ba sai na kwatanta maka da yawa ba. Sakan talatin ne ko arba'in, hoto na rawa, ana jin muryar wani yana haki yana cewa, "Jama'a ku gani fa, mutum na mutuwa sun ƙi taɓa shi." Can gefe ga wata nas cikin farin kaya ta ja baya, tana magana ba a jin abin da take faɗa. Kafin la'asar bidiyon ya zaga Facebook, ya faɗa TikTok, ya shiga guruf ɗin 'yan ajinku na WhatsApp. Sai kwamen ya ɓarke: ba su da imani, ba su da tausayi, Allah Ya isa, a kore ta. Wataƙila kai ma ka taɓa sa naka. Ni ma ba zan rantse cewa ban taɓa danna alamar fushi a ƙarƙashin irinsa ba.

Abu ɗaya nake roƙonka. In irin wannan bidiyon ya sake zuwa wayarka, ka tsayar da shi, ka zuƙo hoton, ka duba hannunta. Akwai safar hannu ko babu? Akwai takunkumi a fuskarta? Ka ga famfo ko bokitin ruwa da sabulu a kusa? In babu, to abin da ka gani ba lallai rashin imani ba ne. Mai yiwuwa mace ce da ta san abin da kai ba ka sani ba, tana lissafin ko za ta koma gida wurin 'ya'yanta lafiya.

Dalilin ɗauko zancen shi ne abin yana da lokacinsa. Duk shekara daga wajen Disamba zuwa Afrilu zazzaɓin Lassa kan tashi a Nijeriya, kuma in ka bi rahotannin mako-mako da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke fitarwa, za ka ga sunayen jihohin nan suna ta maimaituwa: Ondo, Edo, Bauchi, Taraba, Ebonyi. A cikin rahoton akwai wani layi da ba ya tirendin, layin da ke faɗin ma'aikatan lafiya nawa suka kamu. Da wuya kakar Lassa ta wuce ba a rubuta wani abu a wannan layin ba.

Kuma abin ya samo asali tun daga ranar farko. Cutar nan da sunan garinmu ake kiranta, Lassa da ke kudancin jihar Borno, kuma mutanen farko da aka tabbatar da ita a jikinsu duk nas-nas ne. A watan Janairun 1969 wata nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine, da ke aiki a asibitin mishan na Lassa, ta kwanta da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Aka ɗauke ta zuwa Jos, can ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta a Jos, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa, ta goge wa majinyaciyar baki, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, wadda ta yi jinyar su biyun, ita ma ta kwanta, aka kai ta New York, ta sha da ƙyar bayan makonni a asibiti. Daga jinin waɗannan matan ne masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar. Shekara guda bayan haka, a 1970, likitar da ta duba su a Jos, Jeanette Troup, ita ma cutar ta kashe ta bayan ta yanke a hannu wurin binciken gawa. Wato duniya ta san Lassa ne ta kan gawar masu jinya.

Ka tuna Ebola a 2014? Wataƙila lokacin kana firamare. Kowa ya san sunan Dakta Ameyo Adadevoh, likitar da ta hana Patrick Sawyer fita daga asibiti a Legas, kuma ta cancanci a san ta. Amma mutum nawa ne suka san Justina Ejelonu? Nas ce matashiya, sa'ar yayarka, ta fara aiki kenan a wannan asibitin, ga ta da juna biyu, aka kawo mutumin. Ta yi masa abin da nas ke yi. Ta kamu, cikin ya zube, ta rasu a watan Agustan shekarar. Mutum 20 suka kamu da Ebola a Nijeriya, 8 suka mutu, kuma kaso mai yawa daga cikinsu ma'aikatan lafiya ne. Nan kusa da mu kuma, a Janairun 2020, likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka rasu da Lassa bayan sun yi aiki a kan wata mai juna biyu da ba a san tana ɗauke da cutar ba, aka kuma shiga bin sawun abokan aikinsu da suka taɓa ta.

Ka lura da abin da ya haɗa labaran nan. Ba a cibiyar killace masu cuta aka kamu ba. Wannan shi ne abin da yawancinmu ba mu gane ba. Mun ɗauka wanda ke cikin haɗari shi ne mai farar rigar nan ta 'yan sama jannati, wanda ake nunawa a talabijin. Shi ai ya san da wa yake hulɗa, an ba shi horo, an rufe shi ruf. Wadda ke cikin haɗari na gaske ita ce nas ɗin sashen gaggawa da ƙarfe biyun dare, da ungozomar ɗakin haihuwa, da ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye da shi kaɗai ne likita, shi ne nas, shi ne mai ba da kati. Su ake fara kawo wa mara lafiya, babu wani tambari a goshinsa.

Lassa ba ta zuwa da kakaki. Zazzaɓi ne, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro, amai, gudawa. Wane ne a cikinmu bai yi wannan ba a bana? Kowa maleriya zai ce, in ta ƙi a ce taifot. Zubar jinin da ake tsoro ba kowa ke yi ba, kuma sai tafiya ta yi nisa yake bayyana. Kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ma ba sa jin jiki sosai, wasu ba sa sanin sun yi. Asalinta daga wani nau'in ɓera ne, ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci ko kayan gida, amma daga mutum zuwa mutum ta jini take bi, da amai, da fitsari, da sauran ruwan jiki. To wa ke taɓa waɗannan a asibiti? Likita zai zo zagaye, ya duba, ya rubuta, ya wuce gado na gaba. Wadda za ta nemi jijiya ta sa ƙarin ruwa, ta yi allura, ta canza zanen gado da aka ɓata, ta karɓi haihuwa jini har gwiwar hannu, ta kwana tana leƙa ka, ita ce nas. Allura guda ta kuskure ta soke ta a yatsa, shi kenan an shiga lissafi.

Lissafin kuwa na kwana 21 ne, domin cutar kan iya ɗaukar har tsawon haka kafin ta nuna. Ka ɗan saka kanka a wurin. Jiya ka yi wa wani allura da hannu, yau sakamako ya dawo an ce Lassa ce. Sati uku kana gwada zafin jikinka safe da yamma. Kai ya ɗan sara maka, gabanka ya faɗi. Yarinyarka ta rugo da gudu ta rungume ka, ka ture ta. Mai shayarwa tana tunanin ko ta ci gaba da ba da nono. Maƙwabta sun ji labari, an daina aiko yara ɗiban ruwa gidanku, mai kitso ta ce yau ba ta da lokaci. Kuma babu allurar rigakafin Lassa da aka amince da ita har yanzu. Akwai maganin da ake bayarwa, ribavirin, wanda aka fi sa ran amfaninsa in an fara da wuri. Wanda ya tashi ma ba lallai ya tashi yadda yake ba: kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke kan samu matsalar ji, wasu ya dawo, wasu sun kurumce kenan. Ga mai tsohon ciki kuwa abin ya fi muni, yawanci ba a samun ɗan. Yanzu ka tuna nas-nas nawa ne matan aure masu ciki da goyo.

Wanda aka tura cibiyar killacewa shi ma ba hutu ya samu ba. Ka taɓa sa rigar leda a watan Maris a Bauchi ko Jalingo? Rigar kariyar nan ba ta shan iska. Cikin ɗan lokaci gumi ya cika takalmin roba, gilashin ido ya yi hazo, ba damar shan ruwa, ba damar zagayawa, ba damar sosa fuska. Wurin cire ta kuma ya fi wurin sa ta haɗari, don duk ƙazantar tana bayanta, kuskure ɗaya ya isa, kuma lokacin ne mutum ya fi gajiya. Ana fitowa a ɗan huta a sake komawa, saboda babu wanda zai karɓe ka.

Babu mai karɓa saboda mutanen sun tafi. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ya ce nas-nas sama da 42,000 ne suka bar Nijeriya cikin shekara uku. Ingila, Amurka, Kanada, Saudiyya. Kai da kake neman hanyar fita kullum a waya, ba ka da bakin zarginsu. Amma aikin da suka bari bai bi su ba, yana nan a kan waɗanda suka rage. Nas ɗaya ko biyu a ɗaki cike da gadaje, wasu majinyatan a ƙasa kan tabarma, ga 'yan jinya kowa na kiran "Sista, ruwan ya ƙare." Mutumin da ya yi dare uku a jere bai runtsa ba shi ne zai manta ya canza safa tsakanin gado da gado, shi ne allura za ta soka, kuma shi ne zai daka maka tsawa a kan tambayar da ba ta kai ta kawo ba.

Maganar kuɗi kuma abin kunya ce. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗari na ma'aikatan lafiya na tarayya naira 5,000 ne a wata. Da wannan aka shiga korona a 2020. Sai a ƙarshen 2021 aka yi ƙari, kuma tsadar rayuwa ta riga ta lashe ƙarin tun tuni. Wannan ma na tarayya kenan. Na jiha da na ƙaramar hukuma kowa da yadda gwamnansa ya ga dama. Da ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, cikin buƙatunsu har da alawus ɗin aikin dare da na kayan sawa da ɗaukar ƙarin ma'aikata. Ka koma ka karanta kwamen ɗin da aka yi musu a lokacin. Da yawanmu zagi muka yi.

Kada ka ce ina wanke su tas. A'a. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai nas ɗin da za ka yi wa sallama ta ɗago ta harare ka ta koma kan wayarta. Akwai wadda ke gaya wa mai naƙuda maganar da ba ta faɗuwa. Akwai masu ɗaukar bidiyon rawa da yunifom majinyaci na nishi a bayansu. Duk wanda ya yi jinya a asibitin gwamnati yana da labari, kuma wanda ya rasa uwa ko ɗa saboda sakaci ba wanda ya isa ya ce masa ya yi shiru. Wannan laifi ne, kuma yana da inda ake kai shi: shugabar nas-nas ta ɗakin, ofishin karɓar koke na asibitin, har hukumar da ta ba ta lasisi, wadda ke da ikon ƙwace shi. Abin da nake cewa shi ne ka bambanta wadda ta ƙi taɓa ɗan'uwanka don wulaƙanci da wadda ta ce a jira a kawo safar hannu. Ta biyun ba kanta kaɗai take karewa ba. Hannun da ta taɓa mai Lassa da shi, da shi za ta taɓa na gado na gaba, kuma na gado na gaban yana iya zama mahaifiyarka.

To mu fa, me ke wuyanmu? Na farko, kuma wallahi shi ya fi komai, gaskiya a bakin ƙofa. Mun iya ɓoye-ɓoye. An kawo mara lafiya ya yi kwana goma yana zazzaɓi, an sha maganin maleriya kala biyu, an yi allurai a kemis, an je wani asibitin an gudo, ƙaninsa ya rasu makon jiya da irin wannan ciwon, amma da nas ta tambaya sai a ce, "Shekaranjiya ya fara." Me ya sa? Tsoron kada a ce za a killace shi, tsoron bakin unguwa. Wannan ƙaryar ita ke kashe ma'aikata, kuma ita ke kashe mara lafiyar, don kowace rana da aka ɓata ana maganin taifot, rana ce da aka rage masa. Kai ne mai ilimin gidan, kai ne ake turawa da kati. Ka faɗa duka: yaushe ya fara, me aka sha, ina aka je, daga wane gari aka dawo, wa ya yi irinsa a gida. Jimla biyu daga bakinka za su sa ta ɗauko takunkumi da safa biyu, ta ware masa gado, ta kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.

Sai dubiya. Mu mutane ne masu zumunci, kuma ba abin kunya ba ne. Amma mota guda ta 'yan dubiya a kan gado ɗaya, da jarirai, da kulolin abinci ana turawa ƙarƙashin gado su kwana a buɗe, wannan gayyatar ɓera ce har cikin asibiti. In nas ta ce mutum ɗaya zai zauna, ba ƙin jininku take yi ba. Ka taya ta yi wa su Gwaggo bayani, sun fi jin naka. Haka in ta Allah ta kasance aka ce cutar ce, kada ka shiga sahun masu kokawar ƙwace gawa. Gawar mai Lassa tana yaɗa cutar, kuma ma'aikatan da aka horar suna yin sutura ta hanyar da za a yi sallah a binne ba tare da an bi mamacin da wasu ba. Sau da yawa nas ɗin da ta fito faɗa wa dangi wannan maganar ita ke shan mari.

Yanzu ga wayarka. A Agustan 2014 saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai maganin Ebola. Tambayi yayyenka, da yawa an tashe su da asuba an yi musu. Mutane sun kwanta asibiti, an samu waɗanda suka mutu, ba da Ebola ba, da gishiri. Wa ya karɓe su a asibitin? Waɗannan dai nas-nas ɗin da ke fama da fargabar Ebola. Lokacin ma wayoyin ba su kai na yanzu yawa ba. Duk saƙon murya da ka tura na "wani likita ya ce", duk fostin da ka yi cewa cutar ƙarya ce ana neman kuɗi da ita, akwai wanda zai gaskata ya zauna a gida sai ya fara zubar da jini, sannan a kwaso shi a zube gaban wata baiwar Allah da ba ta shirya ba. Mun ga irin haka da korona, mun sake gani da mashaƙo a Kano a 2023, inda yaran da ba a yi wa rigakafi ba suka cika gadaje.

Kuma don Allah a daina yaɗa suna da hoton ma'aikacin da ya kamu. Ana yi da sunan neman addu'a, na sani, amma abin da ke biyo baya shi ne a guji matarsa a kasuwa, a ce 'ya'yansa su zauna a gida. Abokan aikinsa suna gani. Gobe in ɗayansu ya ji zazzaɓi, sai ya haɗiyi farasitamol ya yi shiru ya ci gaba da aiki, kuma ka san abin da hakan ke nufi ga duk wanda ke kwance a ɗakin.

Ban ce ka ajiye wayar ba. Cewa na yi an bar jaki ana dukan taiki. Nas ba ita ke sayen safar hannu ba, ba ita ke gyara famfo ba, ba ita ke ɗaukar ma'aikata ba. In ka je asibiti aka rubuta maka ka sayo safa da sirinji a waje, ka ga ma'aikata na wanke hannu da ruwan leda, ka ga an cika kwalin zubar da allurai har yana zuba, to ga abin ɗauka nan. Ɗauki famfon da ba ya kawo ruwa, ba fuskar majinyaci ba, ba fuskar ma'aikaciya ba. Ka rubuta rana da wuri. Ka yi wa kwamishinan lafiya na jiharku tagin, da ɗan majalisarku na jiha, da shugaban ƙaramar hukuma, dukkansu suna da shafi kuma suna da yaran da ke karanta musu. Tambayoyin ba su da wuya: nas nawa ke kwana a wannan ɗakin, gado nawa ne a ciki? Yaushe rabon da a kawo kayan kariya? An biya alawus ɗin haɗari na watan jiya? In ma'aikaci ya kamu a bakin aiki, wa ke biyan kuɗin maganinsa, kuma in ya rasu me iyalinsa ke samu? Mun iya haɗa gangami a kan fim da waƙa da rigimar 'yan TikTok har a kwana uku ana yi. Kasafin kuɗin lafiya na jiharku ma takarda ce da ake wallafawa, ana iya sauke ta a waya.

In kuma a gidanku ne wani ya kwana uku yana zazzaɓi, an sha maganin maleriya bai sauka ba, kada a koma kemis a ƙaro allura. A tafi asibiti, mutum ɗaya ya riƙe shi, a faɗa musu komai tun daga bakin ƙofa. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232, ka ajiye ta a wayarka yanzu.